Guntayen Kyandir

Ubana Obadiah Thurlow, mai kyandir a garin Beccles,
hannunsa da warin kitsen tumaki
ko sabulu bai raba su ba.
Dogayen na masu kuɗi ne, in ji shi,
waɗanda suka karye a kwando su ne rabonmu.
Da su yake karatu in gari ya yi tsit,
da su yake rubuta yininsa tun bai huce ba.

Shekara talatin da ɗaya, kundi goma sha tara.
Na same su a akwatin lagwani, ƙarƙashin gado,
ran da muka dawo daga maƙabarta.

"Talata. Ruwa tun asuba.
Kitse ya hau da kwabo biyu.
Na zagi yaron shago, Allah ya yafe mini,
ko da yake shi ma da nasa.
Haƙori ya hana ni tauna."

"Asabar. Na bi keken doki zuwa Norwich sayen tukunya,
na dawo da littafin taurari
da wani na matafiya a teku, bangonsa a yage.
Na ce wa Prudence tukunya ta yi tsada.
Ƙarya na yi.
Ba zan ƙara ba kafin Kirsimeti."

Shafi uku gaba, ya ƙara.

Ba ya karatu da baki rufe.
Yakan ja wa marubuci layi da farce,
ya rubuta a gefe: "Ina shaidarka?"
ko "Wannan bai taɓa jin yunwa ba."
Ran Lahadi littafin wa'azi ne a cinyarsa,
na teku kuwa yana kwance a cikinsa
kamar ɗan tsako a ƙarƙashin kaza.
Duk shafin da ya so, ka ga tabon maiƙo,
babban yatsansa ya sa hannu.
Wanda ya ara bai mayar ba, sunansa na nan,
har da limamin coci, sau biyu.

Na nemi ranar da uwata ta tafi.
Na zaci zan tarar da kogi.
"Alhamis. Prudence, da tsakar dare. Ƙanƙara."
Shi ke nan.
Sai kwana goma sha ɗaya fari fat,
kwanan wata kawai, an jera su kamar kujerun da ba kowa.
A na sha biyu:
"Na karanta shafi guda sau bakwai,
ban san abin da ya ce ba."

Daga kundi na sha shida haruffa suka soma girma,
suna hawa kan juna, suna gangarowa,
ido ya fara yi masa rowa.
Nan na shigo labarin.
"Keziah na karanta mini da dare.
Sauri take kamar ana korar ta.
In an zo inda wani zai mutu, sai ta tsallake,
ta ɗauka ban sani ba.
Littafin nan na san shi tun ba a haife ta ba.
Na bar ta. Matuƙin jirgin ya rayu a bakinta,
kuma ya fi kyau haka."

Baba, ashe kana ji.

Layin ƙarshe bai kai gaɓa ba:
"Litinin. Hazo a kan kogi. In na samu sauƙi zan"
sai tawada ta ja wutsiya ta tsaya.
Zan me? Zan biya bashin mahauci?
Zan koma Norwich sayen tukunya?

Saura shafi arba'in ba a taɓa ba.
Na laluba kwando, na sami guntu,
na kunna, na fere alƙalaminsa.

Laraba. Iska daga gabas.
Kitse ya sauka da kwabo ɗaya.
Limami bai dawo da littafin ba.